Ƙarya mai bin doka: abin da ke jan mutane ga ƙagaggun labaran kimiyya masu tsauri

Da la'asar sakaliya, a wata rumfar tura finafinai a waya da ke gefen babbar kasuwar Garwa, wani malamin lise, wato makarantar sakandare, mai koyar da fizik ya miƙa katinsa ya ce a saka masa fim ɗin ɗan sama jannatin da aka baro shi kaɗai a duniyar Mars. Yaron rumfar ya ɗago kai ya ce, "Malam, wannan fa babu faɗa a ciki. Mutum ne yana noman dankali yana ta lissafi. Bari in zuba maka na yaƙin taurari." Malamin ya ce, "Ƙanena, wancan tatsuniyar Gizo ce aka sa wa rigar ƙarfe. Wanda na ce maka kuwa, ƙaryar da ke cikinsa ana iya ƙirga ta da yatsu." Wani dattijo mai gyaran rediyo da ke zaune a benci ya tsoma baki: "Ƙarya ai ƙarya ce, Malam, ko ta ƙirgu ko ba ta ƙirgu ba."

Irin wannan gardama na tashi a Marwa da Kuseri da Njamena, kuma wayar hannu ta ƙara dagula ta. A waya guda mutum zai ga labarin shirin NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, na mayar da mutane kan wata, ya ga fim ɗin da aka fassara da Hausa inda kumbo ke tsallake taurari kafin shayi ya huce, ya kuma ga ɗan bidiyon da kwamfuta ta haɗa ana yawo da shi a WhatsApp a matsayin gaskiya. Duk hotunan sun yi kyau. Wanda bai san inda iyaka take ba, ko dai ya haɗiye duka ko ya tofar da duka, har da saukar mutum a kan wata a 1969.

Me ake nufi da "mai tsauri"?

Ƙagaggen labarin kimiyya shi ne labarin da aka gina a kan tambayar "da a ce". Da a ce an ƙera kaza, ko an gano kaza, yaya rayuwa za ta kasance? A cikin wannan babban gida akwai ɗakin da Turawa suka laƙaba wa kalmar da ke nufin mai tauri ko mai tsauri. Wani mai sharhin littattafai a Amurka, P. Schuyler Miller, shi ya fara amfani da laƙabin a rubuce a 1957. Tsaurin bai shafi wahalar karatu ba. Ana nufin marubucin ya ɗaure kansa da dokokin halitta da aka riga aka gwada aka tabbatar: gudun haske, ƙarfin da duniyoyi ke janyo abubuwa da shi, yadda zafi ke tafiya, yawan iskar da ɗan Adam ke shaƙa a yini. Mutanen labarin ƙirƙirarru ne, abin da ya same su bai taɓa faruwa ba, amma idan mai karatu ya ɗauki biro da takarda ya bi lissafin, ya kamata ya fita daidai.

A tatsuniya, idan Gizo ya shiga uku, mai ba da labari na iya fito masa da laya ko aljani, kuma babu yaron da zai ce an yi maguɗi, don da haka aka yi yarjejeniya tun daga "ga ta nan ga ta nanku". Yarjejeniyar labari mai tsauri daban take. Marubuci ya yi alkawarin ba zai ceci jaruminsa da abin da halitta ba ta yarda da shi ba. Idan iskar da ke cikin kumbo ta kwana 10 ce, ceto kuma sai bayan kwana 15, to dole a samo mafita daga abin da ke cikin kumbon, ko wani ya mutu. Daga nan daɗin yake fitowa, don abokin gaba a irin wannan labari ba ya jin magiya kuma ba ya karɓar na goro.

Daga igwar Jules Verne zuwa parabol ɗin kan rufi

Wanda ya yi makarantar Faransanci a Kamaru ko Chadi da wuya bai ji sunan Jules Verne ba. A 1865 ya fitar da labarin mutum uku da aka harba zuwa wata daga cikin wata shirgegiyar igwa. Ya yi lissafin gudun da ake buƙata don kuɓuta daga janyowar duniya, wajen kilomita 11 a daƙiƙa guda, kuma bai kauce ba. Ya kafa igwar a Florida, jihar da Amurka ta harba kumbon Apollo 11, wanda ya fara sauke mutane a kan wata, daga cikinta bayan shekara 104. Inda ya yi tuntuɓe shi ne fizgar tashi. Abin da zai kai wannan gudu a cikin bututun igwa, nauyin jikin fasinjansa zai ninku fiye da sau 20,000, alhali ƙwararren matuƙin jirgin yaƙi da kyar yake jure ninki 9.

A 1901 sai H. G. Wells na Ingila ya kai nasa mutanen wata ta hanyar wani ƙarfe da ya ƙago, wanda janyowar duniya ba ta ratsa shi. Verne bai ji daɗin a haɗa su ba. A wata hira ya nuna cewa shi da ilimin da ake da shi yake aiki, Wells kuwa ƙirƙira yake yi, sai ya nuna wa mutane ƙarfen in akwai shi. Gardamar malamin lise da mai gyaran rediyo ke nan, sai dai ta girme su da shekara sama da 100. Abin lura shi ne kuskuren Verne ana iya kama shi da lissafi, na Wells kuwa babu ta inda za a kama, don bai ba da abin aunawa ba.

Akwai kuma lokacin da lissafin marubuci ya zama kayan aiki. A Oktoban 1945 Arthur C. Clarke, wanda daga baya ya yi suna a wannan fanni, ya buga maƙala a wata mujallar harkar rediyo a Ingila. Ya bayyana cewa tauraron ɗan'adam da aka ajiye a tsayin kusan kilomita 36,000 saman tsakiyar duniya zai kewaya ta sau ɗaya a yini, daidai da juyawarta, don haka ga wanda ke ƙasa zai zama kamar an kafe shi da ƙusa. Tauraro uku irin wannan sun isa su isar da saƙo kusan ko'ina. An fara kafe tauraro irin wannan a 1964. Shi ya sa mai ɗaura parabol a unguwannin Garwa yake saita ta sau ɗaya ya ɗaure noti ya sauko, ba ya dawowa kullum ya bi tauraro. Ɗan jinkirin da ake gani kafin wakilin talabijin ya amsa tambaya ma daga nan yake, saƙon na cin wajen rubu'in daƙiƙa kafin ya hau ya sauko. Clarke ya zaci sai an zuba ma'aikata a tashoshin suna canza kwalaben rediyo da suka ƙone, don a lokacin ba a ƙirƙiro taransisto, ɗan abin da ya maye gurbin kwalaben, ba tukuna.

Dokokin da ke ɗaure marubuci

Babbar ƙaya ita ce nisa. Haske na tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, kuma tun bayan aikin Einstein na 1905 duk gwajin da aka yi ya nuna babu saƙo ko kaya da ke wuce shi. Daga wata zuwa nan daƙiƙa ɗaya ce da ɗoriya. Daga rana minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi. Daga Mars kuwa tsakanin minti 3 da 22, gwargwadon inda duniyoyin biyu suke a kewayensu. Wato wanda ke Mars ba zai taɓa yin hirar waya da iyalinsa ba. Zai yi sallama, ya je ya yi alwala ya yi salla, wani lokaci har ya ci abinci, kafin "wa alaikumus salam" ta iso. Marubucin da ya kiyaye wannan ya sami kaɗaicin da ba sai ya yi ta bayaninsa ba. Tauraron da ya fi kusa da ranarmu kuwa, Proxima Centauri, haskensa na shafe shekara 4 da 'yan watanni kafin ya iso. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977, mai gudun kilomita 17 a daƙiƙa, zai buƙaci sama da shekara 70,000 kafin ya ci wannan tazara.

Sai mai. Direban da zai tashi daga Njamena zuwa Faya ya san dole ya ɗora gangunan mai a bayan mota, ya kuma san nauyin gangunan kansa yana ƙara shan mai. Roka na cikin wannan tarko fiye da kowace mota, domin babu gidan mai a hanya kuma babu ƙasar da taya za ta taka. Wani malamin makaranta a Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, ya fitar da lissafin a 1903: kowane ƙarin gudu na neman mai ninki-ba-ninki, don sai an ɗauki man da zai ɗauki mai. Rokar Saturn V da ta kai mutane wata ta kai wajen tan 2,900 a lokacin tashi, kusan kashi 90 cikin 100 mai ne da sinadarin ƙona shi. Ɗan ɗakin da ya dawo da mutum ukun bai kai tan 6 ba. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana sama da mu da wajen kilomita 400 kacal, bai kai tafiyar mota daga Ngaundere zuwa Marwa ba. Wahalar tana wajen gudun da zai hana ta faɗowa, kusan kilomita 28,000 a awa, wanda da shi za a ci tsakanin Garwa da Marwa a ƙasa da rabin minti.

Akwai dokar da finafinai suka fi mantawa da ita, kuma mai shayi ya fi kowa saninta. Fulas na riƙe zafi ne saboda an zuƙe iskar da ke tsakanin bangonsa biyu. Kumbo a sararin samaniya kamar shayi ne a cikin fulas mafi girma. Injuna na fitar da zafi, jikin mutane na fitar da zafi, babu iskar da za ta kwashe, babu kuma ruwan da za a bari yana tsattsafowa kamar yadda randa ke sanyaya kanta. Shi ya sa tashar nan take da manyan fukafukai farare waɗanda aikinsu kawai zubar da zafi. Rashin iskar ne kuma ya sa ba a jin ƙara a can. Duk fashewar da ta girgiza lasifikar gidan kallo, a zahiri shiru za ta yi.

Ƙurar Bodele da ƙurar Mars

Fim ɗin da malamin ya nema, wanda ya fito a 2015 daga littafin Andy Weir, misali ne mai kyau na ƙaryar da ke ƙirguwa. Jarumin na lissafa abincin da ya rage, ruwan da dankali zai sha, wutar da farantan sola za su bayar. Amma guguwar da ta buɗe labarin, wadda ta nemi kifar da roka, ba za ta yiwu ba, kuma marubucin da kansa ya amsa haka. Kaurin iskar Mars wajen kashi 1 cikin 100 ne na kaurin tamu, don haka ko ta yi gudun mota a kan kwalta, turinta kaɗan ne.

Haɗarin ƙurar Mars na gaskiya kuwa mutumin arewacin Kamaru da Chadi ba ya buƙatar a fassara masa. Kowane hunturu iska na ratsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi garin busasshen ƙasan tsohon tafki a kwarin Bodele, ɗaya daga cikin manyan maɓuɓɓugan ƙura a duniya, ta lulluɓe garuruwa da hazo. Mai cajin waya da sola ya san abin da ke biyo baya: rana ta dushe, faranti ya yi fari fat, batir ya ƙi cika, sai an hau da tsumma. A Mars babu mai hawa da tsumma. Motar bincike Opportunity, da aka tsara ta yi kwana 90 ta yi shekara 14, guguwar ƙura ce ta rufe mata rana a 2018 ba a sake jin ɗuriyarta ba. Na'urar InSight ma ƙura ce ta cinye mata wuta a hankali har ta yi shiru a Disamban 2022. Kafin nan injiniyoyi sun yi wata dabara: suka sa hannun na'urar ya ɗebi yashi ya zuba a gefen farantin, iska ta kwashi yashin ya share ɗan abin da ya share. Wanda ya taɓa wanke tukunya da yashi zai gane hikimar.

Wataƙila wannan ne ya sa irin labaran ke kama wasu masu kallo a nan fiye da yadda ake zato. Mutumin da ya saba auna ruwan jarka da kwanakin da famfo zai yi a bushe, ko ya raba cajin batir tsakanin fitila da waya, ya san irin tunanin da jarumin ke yi. A 2023 NASA ta sanar cewa tashar sararin samaniya na sake tace kashi 98 cikin 100 na ruwan da ke cikinta, har da gumi da fitsari.

Inda ake saɓani

Masu goyon bayan tsauri na cewa takura ce ke haifar da dabara, kamar yadda amsa-amo da karin waƙa ke tilasta wa mawaƙi ya nemo kalmar da ba zai nemo ba da an sake shi. Suna kuma jin daɗin wasan da ke tsakanin marubuci da mai karatu. A 1970 Larry Niven ya rubuta labarin wata ƙatuwar zobe da aka gina kewaye da tauraro mutane na zaune a kanta. Ɗaliban jami'ar MIT ta Amurka suka zauna suka yi lissafi suka gano zoben ba zai tsaya daram ba, zai gangara ya bugi tauraron, har suka riƙa rera hakan a wani taron masoya labaran a 1971. Marubucin ya koma ya rubuta ci gaba, ya sa wa zoben injunan daidaita shi.

Masu suka na da hujjoji masu nauyi. Na farko, labari na mutane ne, kuma da yawa daga cikin waɗannan littattafai sun ƙware a bayanin inji amma mutanensu kamar gumaka, ba uwa ba dangi ba addini. Na biyu, tsaurin zaɓe ake yi. Marubuci zai kiyaye lissafin roka har ɗigo, sannan ya yi wasa da ilimin halittar jiki ko tattalin arziki, bai taɓa tambayar wa ya biya kuɗin tafiyar ba, wa aka bari a ƙasa. Na uku, har gwanayen na sassautawa. A fim ɗin Interstellar na 2014, masanin fizik Kip Thorne, wanda ya sami kyautar Nobel a 2017, shi ya ba da lissafin da aka zana baƙin rami da shi (wuri ne a sararin samaniya da janyowarsa ta yi ƙarfin da ko haske ba ya kuɓuta), aikin ya yi kyau har aka buga shi a mujallar masana. Duk da haka an rage wani abu: a bisa lissafi gefe ɗaya na zoben hasken ya kamata ya fi ɗayan haske sosai, aka daidaita su don kada mai kallo ya rikice. Hoton baƙin rami na gaskiya na farko, da aka fitar a Afrilun 2019, ya nuna wannan bambancin haske.

Wasu malaman makaranta na da wani tsoron daban. A ganinsu fim mai kama da gaskiya ya fi tatsuniya haɗari, don yaro ba ya ɗaukar takobin wuta da muhimmanci, amma idan an gaya masa masana sun sa hannu a fim, zai haɗiye guguwar Mars tare da lissafin dankali. Wannan suka na da tushe, ko da yake maganinta a hannun malaman yake, tunda kuskuren da ke ƙirguwa shi ne ya fi daɗin zama darasi a allo.

Abin da ya fi ba masu kallo mamaki a fim ɗin Interstellar, cewa awa ɗaya kusa da baƙin rami na daidai da shekara 7 a duniya, shi ne ya fi kusa da ilimin da aka tabbatar, ko da yake an kai shi maƙura. Agogunan taurarin GPS, da ke sama da mu da wajen kilomita 20,000, na gaba da na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kowace rana. Da ba a gyara wannan ba, taswirar wayar ɗan acaɓa za ta riƙa kaucewa da wajen kilomita 10 kullum.

Abin da ya shafi mai kallo da mai rubutu a nan

Amfani na kusa shi ne ɗabi'ar tambaya. Wanda ya saba da labarin da ke bayyana daga ina wuta ta fito, nawa ce, zuwa yaushe za ta ƙare, shi ne zai tsaya ya yi tambaya idan aka turo masa bidiyon janareton da ke aiki ba mai ba rana, ko aka zo masa da na'urar da wai maganaɗisu kaɗai ke juya ta har abada. Dokar da ta hana kumbo tafiya ba mai ita ce ta hana wannan janareto wanzuwa, kuma masu sayar da shi kuɗin mutane suke nema.

Ga ɗaliban lise da na jami'o'in Marwa da Ngaundere da Njamena akwai matsalar harshe. Fizik da Faransanci ake koyar da shi, finafinan da Turanci ake yin su, masu fassara su da Hausa kuma sun fi ba da ƙarfi ga barkwanci da faɗa, bayanin kimiyyar sai a tsallake ko a murɗe. Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan fage, tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka yi yawo da shi a sararin samaniya. Amma kalmomin janyowa da kewaye da fizga har yanzu kowane marubuci da nasa, kuma sai an yi ta amfani da su a labari kafin su zauna a baki.

Kayan labarin kuwa suna nan birjik. A arewacin Chadi akwai ramukan Aorounga da Gweni-Fada, kowanne faɗinsa ya haura kilomita 10, tabon duwatsun da suka faɗo daga sama miliyoyin shekaru da suka wuce. Akwai kuma tambayoyin da marubutan Turai ba su cika yi ba. Tashar sararin samaniya na kewaya duniya cikin minti 90, wato rana na fitowa ta faɗi sau 16 a yini guda. Da ɗan sama jannatin Malesiya Sheikh Muszaphar Shukor zai tafi can a 2007, tafiyar da ta faɗo cikin Ramadan, sai da malamai da masana kimiyya na ƙasarsa suka zauna suka fitar da jagora: ya bi lokutan sallar wurin da aka harba shi, ya fuskanci alƙibla gwargwadon iko. Yinin Mars kuma ya fi namu da kusan minti 40, watannin da ke kewaya ta a sama biyu ne ƙanana, ɗayansu na fitowa daga yamma ya faɗi a gabas sau biyu a yini, kuma labarin ganin jinjirin watan Shawwal zai iso can ne bayan minti 3 zuwa 22.